Yadda Suwidin Ke Zaɓen Waƙarta

'Yan'uwana ɗalibai, makon jiya a darasin waƙa muka yi gardama a kan wanda ya cancanci zaɓen waƙar da za a kai gasa, masu ita ko baƙi. To, ga abin da na karanta game da ƙasar Suwidin.

Tun 1956 ƙasashen Turai su ke yin wata gasar waƙa, sunanta Eurovision. Kowace ƙasa waƙa guda ta kan kawo, kada kuwa ta wuce minti 3. Amma ga babbar doka: ba a yarda mutanen ƙasa su jefa wa tasu waƙa ƙuri'a ba.

Suwidin ta kan fara yin tata gasa a gida, watau Melodifestivalen, wadda gidan telebijin na ƙasar ke shiryawa. Tun 2002 a kan zaga garuruwa mako mako ana tankaɗe da rairaya, sa'an nan a yi ta ƙarshe a Sitokholm. Ran nan rabin maki na jama'a ne, rabi kuwa na alƙalai daga waɗansu ƙasashe, tun da ya ke kunnen baƙo za a je nema.

Wani lokaci a kan saɓa. A 2017 jama'a suka fi son Nano, makin baƙi ya ba Robin Bengtsson nasara, ya tafi Kiyef ya zo na 5. Ni da fari na ce wannan danniya ce. Da na ga Suwidin ta ci gasar sau 7, daga ABBA a 1974 zuwa Loreen a 2023, sai bakina ya mutu, ko da ya ke har yanzu ina tausayin mutanen Nano.