Zama Da Maɗaukin Kanwa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, da zarar an kai gero da dawa rumbu, sai samarin Achilafiya da na sauran garuruwan Kazaure, Roni, Gwiwa da Ɓaɓura su kama hanyar Kano cin rani. Waɗansu su yi dako a Dawanau, waɗansu su zama yaran shago a Kantin Kwari, waɗansu kuwa yaran mota a tasha. Uba yakan tambayi nawa za a biya ɗansa, amma ba kasafai yakan tambayi a hannun wa zai zauna ba. Alhali kuwa wannan tambaya ta biyu ita ce babba, domin wurin sana'a makaranta ce wadda ake koyon hali a cikinta ba da allo ba.

Ga misali. Yaro ya tashi a gidan mutunci, ya sami aiki wurin wani mai awo. Ran farko ya ga ubangidansa yana da mudu biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa, sai zuciyarsa ta ƙi abin. Da ya yi magana, sauran yara suka yi masa dariya, suka kira shi baƙauye. Ya yi shiru. Kafin damina ta faɗi, ga shi da hannunsa yana buga gindin mudu. Ba wanda ya zaunar da shi ya ce ya yi ha'inci, ido ne ya gani yau da gobe har zuciya ta saba. Haka yake ga sabon akawu wanda ya tarar ba a ɗaga takarda a ofis sai an ba da na goro.

Shari'a ba ta bar wannan al'amari ba. Buhari da Muslimu sun ruwaito daga Abu Musal Ash'ari cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kwatanta abokin zama nagari da mai sayar da almiski, mugu kuwa da mai zuga wutar maƙera. Na farko ko bai ba da kome ba a sami ƙanshi, na biyu ko bai ƙona tufa ba a shaƙi wari. Abin lura, misalan biyu duka daga wurin sana'a aka ɗauko su. Alƙur'ani kuma ya ba da labarin mutanen Madyana, waɗanda tauye mudu ya zama al'adar kasuwarsu har suka ƙi jin gargaɗin Annabi Shu'aibu, aka halaka su. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ma, da ya ga son duniya ya shiga zukatan waɗansu abokan jihadi, sai ya rabu da rundunar wajen 1807, ya nufi gabas, ya tsaya a Kano inda ya wallafa Diya'ul Hukkami. In malami kamarsa ya ji wa kansa tsoro, ina ga yaro ɗan shekara 17?

Saboda haka nauyi ya rataya a wuyan mutum uku. Uba ya binciki halin ubangida kamar yadda yake bincikar mai neman auren 'yarsa. Ubangida ya sani yaransa kiwo ne a hannunsa, za a tambaye shi a kansu ranar gobe. Shi kuwa ma'aikaci, in ya iya gyara ya gyara, in ya kasa ya nemi wani wuri, domin masu gaskiya ba su ƙare a kasuwa ba, kuma arziki na Allah ne.

Allah Ya haɗa 'ya'yan Musulmi da iyayen gida nagari, amin.