Darasi: Akwatin Ƙasar Tailan

Yau za mu karanta labarin wata sana'a ta ƙasar Tailan. Tailan tana can gabas, a nahiyar Asiya. Dā sunanta Siyam, a shekarar 1939 aka sāke mata suna.

A arewacin ƙasar akwai wani birni, Ciyan Mai. Mutanensa sun yi suna wajen yin ƙananan akwatuna baƙaƙe masu sheƙi. Wasu na katako ne, wasu kuwa na gora ne da aka saƙa. Dā a ciki su kan ajiye wani ɗan itace da suke taunawa kamar yadda muke cin goro.

To, mene ne ke sa su sheƙi? Ruwan wani itace ne da suke kira rak. A kan tsaga bawonsa, a tari ruwan a hankali. Da fari launinsa toka-toka ne, in ya sha iska sai ya koma baƙi. Ɗanyensa ya kan sa ƙaiƙayi da ƙuraje, saboda haka sai da lura.

Mai sana'a ya kan gauraya ruwan da toka, ya toshe ramukan katako. Sa'an nan ya shafa, ya ajiye akwatin a inuwa mai laima kwana da kwanaki. In ya bushe ya goge, ya sāke shafawa. Haka zai yi ta yi, sau da yawa. Akwati ɗaya ya kan ci watanni. Wanda ya yi gaggawa, shafensa sai ya yamutse, aikinsa ya ɓaci.

Daga nan sai ado. Ya kan shafa wani rawayan ƙaro a inda ba ya son zinariya. Ya lulluɓe akwatin da zinariya marar kauri, ya wanke da ruwa. Ƙaron ya narke, zanen furanni ya fito.

Yanzu itatuwan rak sun ragu, ga kuma fenti mai araha ya cika kasuwa. In itacen ya ƙare, sana'ar ta tafi. Mu tuna, mai haƙuri shi kan dafa dutse.

Tambayoyi

1. Mene ne sunan Tailan na dā?
2. Daga ina ake samun ruwan shafe?
3. Don me ba a gaggawa a wannan aiki?
4. Wace sana'a ce ta garinmu ta dogara ga itace?