ABIN DA MUKE JI BAYAN AN KASHE FITILA

Karatu: 1 Sarakuna 19:1-21

A makarantar kwana irin tamu da wuya mutum ya sami minti biyar shi kaɗai. Ƙararrawa ce ke tashe mu, ita ke kai mu sujadar safe, ita ke kora mu aji da ɗakin cin abinci. Ko wanka ma sai an bi layi. Amma da zarar an kashe fitila, surutun ɗakin kwana ya lafa, sai wani surutun ya tashi a zuci: jarrabawar da ke tafe, kuɗin makaranta da Baba bai gama biya ba, baƙar maganar da aka yaɓa mana tun makon jiya, da zunubin da muka yi alkawari sau goma za mu bari. Shi ya sa yawancinmu, har da malamai, ba mu son shiru. In an tafi hutu, waya ce ke raka mu har barci ya ɗauke mu.

An koya mana mu keɓe lokaci domin addu'a, kuma daidai ne, gama Ubangiji Yesu kansa yakan yi haka (Markus 1:35). Abin da ba a cika gaya mana ba shi ne, ba muryar Allah kaɗai ake ji cikin shiru ba.

Bari mu dubi annabi Iliya. A Dutsen Karmel ya tsaya gaban annabawan Ba'al 450, wuta kuwa ta sauko. Ba a jima ba sarauniya Yezebel ta aiko masa da saƙon kisa, sai ga mutumin nan yana gudu. Ya bar baransa a Biyer-sheba, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji, ya zauna a gindin wani itace ya roƙi mutuwa. Mu lura da abin da Allah ya fara yi masa. Bai tsauta masa ba, bai yi masa wa'azi ba. Ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ya ci abinci ya sha ruwa, har sau biyu. Wannan ya kamata ya shiga kunnen waɗanda ke kwana biyu ba barci saboda karatu, sa'an nan su ce Allah ya yashe su. Wani lokaci gajiya ce da yunwa kawai ke magana.

Bayan tafiyar kwana 40 Iliya ya kai Horeb ya shiga kogo. Aka yi iska mai farfasa duwatsu, aka yi girgizar ƙasa, aka yi wuta, Ubangiji kuwa ba ya cikinsu. Daga baya ne wani ɗan sauti ya zo, wanda da kyar za a bambanta shi da shiru, Iliya ya rufe fuskarsa. Sau biyu Allah ya tambaye shi abin da ya kawo shi wurin, sau biyu kuma ya ba da amsa iri ɗaya, wato shi kaɗai ya rage. To, gaskiya ne? A sura 18, Obadiya, wakilin gidan sarki Ahab, ya riga ya gaya masa baki da baki cewa ya ɓoye annabawan Ubangiji 100 a cikin koguna yana ciyar da su. Iliya ya san wannan. Amma baƙin ciki ya yi ta maimaita masa ƙarya a hanya har ta zauna masa kamar gaskiya. Allah ne ya gyara masa lissafi: akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba.

A nan nahiyarmu ma an yi wanda ya san wannan kokawa. Antoni mutumin Masar ne, an haife shi wajen shekara ta 251. Yana saurayi ya rabar da gādonsa, daga baya ya haye Kogin Nilu ya kulle kansa a wani tsohon kango na soja har kusan shekara 20. Atanasiyus, bishop na Iskandariya, wanda ya rubuta tarihinsa, ya nuna cewa abin da ya bi shi jeji shi ne abin da ya baro a gida: tunanin dukiya, damuwa da ƙanwarsa, son suna, da sha'awar jiki. Ba muna cewa wani ya je ya kulle kansa ba ne, shugaban makaranta ma ba zai yarda ba. Amma koyarwar Antoni tana da amfani. Ya ce wa almajiransa su duba abin da murya ta bari a baya. Wadda ta zo daga Allah, ko da ta fara da ban tsoro, takan bar natsuwa da ƙarfin hali. Ta magabci takan bar ruɗu, kasala, da ƙin 'yan'uwa. Da ya fito wajen 305 sai ya shiga ta'azantar da masu makoki da sulhunta masu gāba, a 311 kuma ya tafi Iskandariya domin ƙarfafa masu bi da aka tsare lokacin tsanani.

Muna jin 'yan'uwa a taron zumunta suna cewa Allah ya yi musu magana, ba mu kuwa yi musu ba. Sai dai mu auna. In muryar ta saɓa wa Littafi Mai Tsarki, magana ta ƙare. In kullum tana goyon bayan abin da muke so tun da fari, ko tana nuna mana mu ne kaɗai masu tsarki a ajinmu, akwai alamar tambaya. Yaro Sama'ila ma sau uku yana zuwa wurin Eli kafin dattijon ya gane wa ke kira (1 Sama'ila 3). Ba abin kunya ba ne mu kai abin da muka ji gaban fasto, ko malami, ko wata uwa a ikilisiya. In kuwa muryar tana cewa ba mu da amfani, ko gara mutuwa, kada mu jira gari ya waye. Mu tashi wanda ke kusa da mu, mu je wurin babba a daren.

Allah bai bar Iliya a kogon ba. Ya ce ya koma ta hanyar da ya zo, akwai sarakuna biyu da za a shafa wa mai, akwai kuma magajinsa. Iliya ya sauko, ya iske Elisha a gona yana huɗa da shanu, ya jefa masa alkyabbarsa. Elisha ya nemi izini ya sallami iyayensa, ya yanka shanu biyu ya ciyar da jama'a, sa'an nan ya bi Iliya yana yi masa hidima.