Faɗuwar Gaba a Ƙarshen Shekara Ba Raunin Imani Ba Ce

Daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu akwai wani koke da ke yawaita a asibitin da nake aikin jinya a Madalla. Da sunan zazzaɓi ake zuwa: kai na sarawa, barci ya ƙaurace, abinci ba ya shiga. A gwada jini, babu maleriya, babu taifot. Sai na ja kujera na yi tambaya a natse, sannan ainihin maganar ke fitowa: "Sista, gabana ne ke ta faɗuwa, ban san dalili ba."

Sau da yawa akwai dalili, kuma duk wanda ya daɗe a garin nan ya san shi. Ranar 25 ga Disamba, 2011, bam ya tashi a bakin cocin Katolika ta St. Theresa, daidai lokacin da masu ibada ke fitowa daga addu'ar Kirsimeti, fiye da mutum 30 suka rasu. Dama tun a watan Afrilun shekarar an kai hari ofishin hukumar zaɓe a Suleja. Ranar 31 ga Disamba Shugaba Goodluck Jonathan ya zo Madalla, a ranar ce kuma ya kafa dokar ta-ɓaci a wasu ƙananan hukumomi, har da Suleja. Gari na wayewa, 1 ga Janairu, 2012, aka janye tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa wajen 140. Da haka muka shiga waccan shekarar: makoki a gida, shingen jami'an tsaro a hanya, kuɗin motar zuwa aiki Abuja ya yi tashin gwauron zabi. A Disambar 2013 kotu ta yanke wa Kabiru Sokoto, wanda aka zarga da hannu a harin cocin, ɗaurin rai-da-rai, amma wanda ya ji ƙarar nan da kunnensa, jikinsa bai manta ba.

Wata baiwar Allah mai sayar da abinci a bakin titi ta zo awon jini. Ina cikin ɗaura mata abin awo a dantse sai yara suka fasa nokawut a waje. Nan take ta damƙe hannuna, tafinta ya jiƙe da gumi, numfashinta ya koma sama-sama. Da ta dawo hayyacinta, abin da ta fara cewa shi ne, "'Yata, kada ki gaya wa kowa, sai a ce ban dogara ga Allah ba." Wannan magana ta fi bugun zuciyarta damuna. Shekara da shekaru tana fama da tsoro, ga kuma kunyar tsoron a kai.

Na ce mata, "Mama, zuciyarki aikin da Allah ya halicce ta domin shi take yi." In jiki ya ji alamar haɗari, yakan saki wani sinadari cikin jini da ke sa zuciya gudu, gumi ya keto, ƙafa ta yi shirin tserewa, tun mutum bai yi tunani ba. Wanda ya taɓa ganin tashin hankali, ƙara kaɗan ko zagayowar lokacin kawai ta isa ta tayar masa da wannan. Musulmi da Kirista duk mun san Annabi Musa ya razana da sandarsa ta zama maciji, mun san irin baƙin cikin da Annabi Yakubu ya yi na rabuwa da Yusufu. Wa zai ce ba su dogara ga Allah ba?

Inda nake jin zafi shi ne in aka mai da tawakkali dalilin barin magani. Mai hawan jini zai ce an yi masa addu'a, ya bar wa Allah, a sabuwar shekara ba zai ƙara shan ƙwaya ba. Hawan jini kuwa ba ya sallama. Mutum na iya yawo da awon da ya haura 140 bisa 90 yana jin garau, har ranar da ɓarin jiki zai shanye. Wani kuma kemis zai nufa ya sayi ƙwayar barci ko tiramol ba da takardar likita ba, ya samu sauƙin kwana biyu, ya wayi gari ba ya iya rabuwa da su. Ai Bahaushe ya ce Allah ya ce tashi in taimake ka.

Ba kowa ne tsoronsa na 2011 ba. Matasa da yawa ba su ma yi wayo ba a lokacin. Nasu fargaban kuɗin haya ne, da kuɗin makarantar Janairu, da tsadar da ta biyo bayan janye tallafin mai a 2023. Wannan ma yana hana barci.

Ku yi addu'arku, a masallaci ko a daren shiga sabuwar shekara a coci, ni ma ina yi, kuma na ga yadda take kwantar da hankalin majinyaci. Amma in rashin barci ko ƙuncin rai ya wuce mako biyu, ko mutum ya fara jin gara ma ya mutu ya huta, a zo asibiti a faɗa. Ba hauka ba ne, kuma tun 2023 Najeriya na da sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da ta kare mutuncin mai irin wannan lalura. Ciwon ƙirji mai sauka hannu, karkacewar baki ko sarƙewar harshe kuwa ba a jira su kwana. Babban asibitin Suleja na nan kusa, ga asibitin koyarwa na Gwagwalada.

Malamanmu da fastocinmu, ku ake fara kawo wa kuka kafin mu. In wani ya ce gabansa na faɗuwa, ku yi masa addu'a, sannan ku tambaye shi yaushe rabonsa da awon jini. Iyaye kuma, don Allah a hana yara fasa nokawut a ƙofar gidajen mutane.