ITACE, DABBA DA HATSI: YADDA A KE RAYA GONA

Darasi Domin Hakimai da Malamansu

Daga cikin koke-koken da talakawa su ke kawowa ƙofar hakimi, babu wanda ya fi yawa kamar cewa gona ta mutu. Mutum zai ce gonar da ubansa ya ke ɗaure dami ɗari a cikinta yanzu da ƙyar ta ke ba shi rabin haka. In gona ta gaza, rumbu ba ya kai iyali ga kaka. Daga nan sai cin bashi da jinginar da gona, samari su watse ci-rani, rikicin iyaka da na burtali ya ƙaru. Sabo da haka mutuwar gona al'amari ne na mulkin ƙasa, ya kuma wajaba hakimi da malaminsa su san sanadinta da maganinta.

1. ABIN DA KE KASHE GONA

Ƙasa tana da abincin da tsiro ya ke sha ta saiwarsa. Ko wane dami da aka fitar daga gona ya tafi da wani kashi na wannan abinci. A daji, inda babu mai girbi, ganye ya kan zuba ya ruɓe, dabba ta ci ciyawa ta yi kashi a wurin, gara da tsutsotsi su ja wannan duka cikin ƙasa, watau abin da ya fito daga ƙasa ya koma mata. Shi ya sa sabon sassabe ya ke yin albarka.

A gona kuwa an yanke wannan kewaye. A kwashe hatsi, a kwashe kara, a ƙone abin da ya rage, a sare itatuwa. Ƙasa ta zauna tsirara duk rani, iska ta ɗebe ta sama wadda ta fi kyau, ruwan farko ya tafi da wadda ta saura. Mutanen da su kan bar gonar da ta gaji ta zama saura har shekaru, ciyawa da itatuwa su maido mata da ƙarfinta. Yanzu jama'a ta yi yawa, a wurare da dama babu filin da za a bari ya huta. To, tun da babu halin hutu, tilas a riƙa ciyar da gona tana cikin aiki. Abubuwa uku ne ke yin wannan: dabba, da haɗa shuka, da itace.

2. DABBA DA TAKI

Ƙasar da ke kewaye da birnin Kano tana cikin yankunan karkara da suka fi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma. Akwai gonaki a can da a ke nomawa ko wace shekara tun kaka da kakanni, ba su kuwa zama fako ba. Wani masani mai suna Michael Mortimore ya fara binciken wannan yanki tun shekarun 1960, wasu kuma suka ci gaba a bayansa. Abin da suka tarar shi ne manomi ba ya barin kome ya lalace.

Da damina ya kan ɗaure tumaki da awaki a turke, a yanko musu ciyawar da aka nome. Da kaka ya tara harawar wake da ta gyaɗa da karmamin dawa, ya ɗora a kan itace ko rufin ɗaki domin abincin rani. Kashin dabbobin, da tokar murhu, da sharar gida, duk a juji a ke tara su. Kafin ruwa ya sauka sai a kwashe a mangala a kai gona, a zuba tsibi-tsibi. Masu bincike sun rubuta yadda jakuna su ke shiga birni da itacen wuta su fito da taki. Ta haka abin da gona ta ba dabba ya ke komawa gona.

Wannan dabara ce Ma'aikatar Gona ta so ta faɗaɗa lokacin da ta fara koya wa manoman Arewa noma da shanu a 1928, domin sa ya ja garma ya kuma ba da taki. Haka nan tsohuwar al'adar da manomi ya ke gayyatar Fulani su kwana da shanunsu a gonarsa bayan girbi, shanu su ci kara, gona ta sami taki. Duk inda gaba ta shiga tsakanin manomi da makiyayi, gona ce ta fara yin hasara.

3. HAƊA SHUKA

Gero da dawa da masara suna cin wani sinadari mai suna naitirojin da yawa, shi ne ke sa ganye ya yi kore shar, shi ne kuma a ke saye a cikin buhun yuriya. Wake da gyaɗa da waken suya kuwa suna da baiwa. Wanda ya tuge gindin gyaɗa zai ga 'yan ƙulle-ƙulle a jikin saiwa. A cikinsu akwai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, su ke jawo wannan sinadari daga iska su ba tsiron. In saiwa da ganye suka ruɓe, ko dabba ta ci harawar aka mai da takin, gona ta samu.

Manomin da ya ke sa wake a tsakanin gero, ko ya noma gyaɗa bana dawa baɗi, yana da wata riba kuma. Gero ya kan nuna da wuri, dawa da wake a baya, sabo da haka in ruwa ya ɗauke wa ɗaya, ɗayan ya tsira. Wake mai yaɗo yana rufe ƙasa, ya tsare laima, ya danne ciyawa.

Sauya shuka magani ne kuma ga wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji. Ita wannan ciyawa tana manne wa saiwar hatsi ta tsotse shi tun kafin ta fito fili. Gindi ɗaya yana zubar da iri dubbai, irin kuma yana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 yana jira. Ba ya tsira sai ya ji saiwar tsiro kusa da shi. Saiwar gyaɗa da ta waken suya da ta auduga ta kan sa shi ya tsira, amma ba ya samun abin kamawa a jikinsu, sai ya mutu. Wuta-wuta ta fi ƙarfi a gonar da ta gaji, taki yana rage ta. Lalle ne kuma a tuge ta kafin ta yi iri, a fitar da ita daga gona a ƙone.

4. GAWO

A cikin itatuwan gona babu kamar gawo. Sauran itatuwa suna yin ganye da damina, shi kuwa a lokacin ya ke kaɗe nasa. Ganyen ya zuba ya zama taki daidai lokacin shuka, rana kuma ta sami hatsin da ke ƙarƙashinsa. Da rani, sa'ad da ciyawa ta ƙare, sai ya yi ganye ya zubo da 'ya'ya. Dabbobi su taru a inuwarsa su ci, su bar taki a nan. Saiwarsa tana nitsewa ƙasa ƙwarai ta sha daga inda saiwar gero ba ta kaiwa, shi ma kuma dangin wake ne wajen jawo naitirojin. Ko wane manomi ya san geron gindin gawo ya fi na fili.

Shugabannin da sun san darajarsa. An ruwaito cewa sarakunan Damagaram a ƙarni na 19 sun sa hukunci mai tsanani a kan wanda ya sare gawo.

5. ABIN DA YA FARU A ƘASAR MARAƊI

Bayan farin 1972 zuwa 1974 an kashe kuɗi da yawa wajen dashen itatuwa a Jamhuriyar Nijar, amma mafi yawan abin da aka dasa bai rayu ba. Rani da awaki da gara suka gama da shi. Gonakin Maraɗi suka zama fili fetal, iska tana binne shuka da rairayi, har manomi ya sake shuka sau biyu ko uku a shekara guda.

A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan kurmin da ke tofowa a gonaki, waɗanda a ke sassabewa ko wace bazara, tohon kututturan itatuwa ne da aka sare. Saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Ya fara jan hankalin manoma su bar wasu su girma. Da farko mutane ƙalilan suka yarda, domin a lokacin ana ganin gona mai itace gonar rago ce. A yunwar 1984 aka haɗa wannan aiki da rabon abinci, mutane da yawa suka gwada. Da rabon ya ƙare, da yawansu suka sare itatuwan. Amma waɗanda suka bar nasu sun ga hatsinsu bai ragu ba, ga itacen wuta, ga abincin dabba. Gani ya kori ji, sai abin ya yaɗu daga manomi zuwa manomi. Hausawan can suka sa masa suna sassabin zamani.

Da masana suka gwada hotunan da aka ɗauka daga sama na da da na baya, sai suka kiyasta a 2009 cewa gonakin da suka farfaɗo ta wannan hanya a kudancin Nijar sun kai hekta miliyan 5, watau wajen eka miliyan 12, da itatuwa kimanin miliyan 200, akasarinsu a Maraɗi da Damagaram.

Abin da ya fi kamata hakimai su lura da shi a wannan labari shi ne zancen mallaka. A da, dokar daji ta Nijar ta sa itatuwa a hannun gwamnati, manomi yana iya shan tara don ya sassare reshen itacen da ke gonarsa. Sabo da haka ba wanda ya ke son itace ya girma masa. Sai da manoma suka tabbata itacen da suka rena nasu ne kafin suka himmatu, a 2020 kuma gwamnatin ƙasar ta tabbatar musu da wannan haƙƙi a doka. A ƙauyen Ɗan Saga an kafa kwamitin tsaron itatuwa wanda ya haɗa maza da mata da makiyaya, domin hana saran dare.

6. YADDA A KE YIN SA

Lokacin sharar gona, manomi ya zaga ya zaɓi kututturan da ya ke so: gawo, kalgo, sabara, magarya, aduwa da makamantansu. A ko wane gindi ya bar toho mafi ƙarfi da miƙewa, daga ɗaya zuwa biyar, ya yanke sauran. Waɗanda ya bari ya rage musu rassan ƙasa har zuwa rabin tsawonsu. A yi aikin da wuƙa ko gatari mai kaifi, a sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya tsage. A ɗaura ƙyalle a jiki, alamar cewa yana da mai shi. Bayan 'yan watanni a komo a sake gyarawa. Mai farawa ya iya barin gindi 15 ko 16 a eka, ya ƙara in ya ga amfani. Ba a sayen iri, ba a ban ruwa, kuma da ya ke saiwar tsohuwa ce, tohon ya kan riga dashe girma nesa.

Akwai abin kiyayewa. Itace mai duhun ganye da damina yana danne hatsi in ba a rage masa rassa ba. Haka kuma ƙasar jigawa tana da ƙarancin sinadarin fosfaras, wanda itace ba ya ƙirƙirowa. Wanda ya sami takin zamani ya sa kaɗan a gindin shuka tare da na gida, domin a gonar da ke da ruɓaɓɓen ganye da kashin dabba ya fi yin aiki.

7. AIKIN HAKIMI DA MALAMINSA

Na farko, hakimi ya fara da gonarsa. Talaka ba zai bar itace ba in ya ga gandun hakimi fetal.

Na biyu, kafin sharar gona ya tara dagatai da masu unguwa da ardo-ardo, tare da Malamin Gona da Malamin Daji, a bayyana a gaban jama'a abin da dokar daji ta jihar ta ce game da itacen da mutum ya rena a gonarsa. In akwai abin da ke hana mutane, ya kai maganar ga Sarki da Ƙaramar Hukuma.

Na uku, a yi yarjejeniya a kan ranar sakin dabbobi cikin gonaki bayan girbi, a tsare burtali da mashaya kada a nome su, a kuma gargaɗi masu ƙunar daji da masu yin gawayi.

Na huɗu, malamin hakimi ya buɗe littafi. Ga ko wane ƙauye ya rubuta sunayen waɗanda suka fara sassabin zamani, da yawan gindin da suka bari, da irin itacen, da damin da gonar ta ba su ko wace kaka. Ya rubuta kuma gonakin da wuta-wuta ta kama da waɗanda suka zama fako. Bayan shekara uku ko huɗu littafin nan ne zai nuna wa Majalisar Sarki ko aikin ya yi amfani.

TAMBAYOYI DOMIN NAZARI

1. Me ya sa sabon sassabe ya fi tsohuwar gona albarka?

2. Ta wace hanya noman gyaɗa ke rage wuta-wuta a gonar dawa?

3. Ina bambancin gawo da sauran itatuwan gona?

4. Me ya hana manoman Maraɗi renon itatuwa da farko, me kuma ya sauya ra'ayinsu?

5. A ƙauyukan gundumar da malami ya ke aiki, waɗanne itatuwa ne suka fi tofowa daga kututture, su wane ne kuma ke sare su?