Alamar Debewa a Saman Lamba: Kada Ta Ruɗe Mu

'Yan'uwa ɗaliban Pauwa, idan muka ga 2⁻³ a jarrabawar BECE, amsar ba −8 ba ce. A nan maki yake zubewa a banza.

Mu sauko mataki-mataki: 2³ = 8, 2² = 4, 2¹ = 2. Duk sanda ƙaramar lambar sama ta ragu da ɗaya, amsar rabuwa take yi gida biyu. Don haka 2⁰ = 1.

Mu ɗauka ɗayan nan tiyar masara ce daga kasuwar Ƙanƙara. Muka raba ta biyu: 2⁻¹ = 1/2, rabin tiya. Muka sake rabawa: 2⁻² = 1/4. Sai 2⁻³ = 1/8. Masarar tana raguwa, amma babu mai bin mu bashi.

Ga ƙa'idar: x⁻ⁿ = 1/xⁿ, matuƙar x ba sifili ba ne. Wato mu sa 1 a sama, mu mayar da xⁿ ƙasa, alamar debewar ta tafi.

Ko a jikin rularmu akwai wannan lissafi. Santimita ɗaya 10⁻² ne na mita, wato ɗaya bisa 100. Milimita kuwa 10⁻³, ɗaya bisa 1000.

Mu gwada waɗannan kafin Juma'a: 5⁻², 10⁻¹, da x³ ÷ x⁵.