DARASI: YADDA AKE GANE CIWON BIRKI A TSOHUWAR MOTA

'Yan'uwa fataken shanu, darasinmu na wannan fitowa a kan birki ne. Yawancinmu da ke tashi daga Titirou da sauran unguwannin Paraku zuwa kasuwar Tourou, ko zuwa Jugu, tafiyar kilomita 130 da 'yan kai, tsofaffin motoci muke shiga irin su Peugeot 504 da 404. To, mota in ta tsufa, kuma ga kaya, birki ne ke fara gazawa.

Ga alamomi biyar da maganinsu:

1. In ka taka birki ka ji shi laushi kamar soso, iska ce ta shiga bututun mai. Sai makaniki ya fitar da ita, ya fara daga tayar da ta fi nisa da tukunyar man birki.

2. In ka danne birki ka riƙe, ƙafarka na nutsewa a hankali har ƙasa, ko dai mai na yoyo, ko kuma robobin masta sun mutu. Duba bayan kowace taya. In akwai danshin mai, kada motar ta tashi.

3. In mota na fizga gefe guda, birkin ɗaya gefen ne ba ya kamawa, ko ya cije, ko mai ya jiƙa takalminsa.

4. Ƙarar ƙarfe kan ƙarfe na nufin takalmin birki ya cinye. In kaurinsa ya sauka zuwa milimita 3, a canza, kuma hagu da dama tare.

5. In birki ya yi tauri kamar dutse, a duba tiyon iska da ke zuwa daga inji.

Sai maganar mai, wadda ita ce ta fi cin mutane. Man birki yana shan danshi. Sabon DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, amma in ya sha ruwa yana iya tafasa tun a 140. In ya tafasa a gangare, kamar na duwatsun Atakora wajen Natitingu, sai direba ya taka ya ji wayam. Saboda haka a juye shi duk shekara 2, kuma kada a kuskura a zuba man inji a madadinsa, domin yana kumbura robobi. A gangare a sauko da giya, inji ya riƙe motar.

Masu manyan motoci masu birkin iska, yaron mota ya riƙa zubar da ruwan tanki kullum da safe.

Mu tuna, shanu ba buhun masara ba ne. Birkin gaggawa kan tura su gaba su danne juna, kuma saniyar da ta karye sai dai mahauci ya saya yadda ya ga dama. In gudu ya ninka biyu, nisan tsayawa ninki huɗu yake yi. Don haka kafin a yi lodi, mai kaya ya tsaya a gwada birki a gabansa.

Allah ya kiyaye hanya, ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.